Tasar da Aka Tono a Maraɗi: Ta Wane Zamani Ce?

Unguwar Zariya ba ta cikin tsofaffin unguwannin Maraɗi. Akwai dattawan da suka san wurin yana gonakin hatsi da gyaɗa, kafin hukuma ta yanka shi kare-kare, gari ya miƙo ya haɗiye shi. Duk da haka mai haƙar salga ko tushen katanga yakan ji dagi ya daki ƙarfe: ruwan hauya da tsatsa ta ci rabinsa, murfin langa, guntun munduwa, wani sa'in ma tasa sukutum. Kafin la'asar labari ya gama layi, kafin magariba an yanke wa abin shekaru. Wannan ya ce na zamanin Ɗan Kasawa ne, wancan ya ce ai ya girmi Katsina kanta, wata gyatuma kuma ta ce a mayar da shi inda aka gan shi, kayan mutanen ɓoye ba abin wasa ba ne.

Ana iya sanin shekarun irin waɗannan kaya, wani lokaci har a kusa cafke shekarar da aka ƙera su. Sai dai shaidar ba a jikin ƙarfen kaɗai take ba. Mafi yawanta tana cikin ramin: wurin da abin yake kwance, da irin ƙasar da ta rufe shi, da tarkacen da ke kusa da shi. Ita ce kuwa ake fara kwashewa da shebur a watsar bayan gida.

Gari biyu, ɗaya a tudu ɗaya a laka

Wanda zai yi wa ƙarfen Maraɗi shekaru, ya fara riƙe shekarar 1945. A daminar wannan shekara Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ya cinye tsohon garin da ke ƙasa a bakin fadama. Faransawa suka tayar da jama'a zuwa tudu, aka zana sababbin layuka miƙaƙƙu, unguwanni irin su Bagalam da 'Yandaka da Maradawa da Limanci suka hau da sunayensu. Ke nan Maraɗin da ake takawa yau ba a kan tsohuwar Maraɗin zamanin Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau take zaune ba. Waccan tana can gangare, lambuna da ramukan masu tubali sun hau kanta. Philippe David ya bi sawun tsohon garin ya rubuta littafi a kansa a 1964, lokacin waɗanda suka zauna cikinsa suna nan da ƙarfinsu.

Wannan ya sauƙaƙa lissafi. Kayan gidan da aka tono a tsakar gida a kan tudu, galibi bayan 1945 ya shiga ƙasa. Na Zariya kuwa ya fi haka ƙuruciya, in dai ba kayan gona ba ne ko abin da ya biyo takin da ake kwasowa daga jujin gari ana zubawa a gonaki. Takin nan ya yi jigilar tarkace mai yawa, shi ya sa ake ganin hannun buta ko guntun cokali a wurin da ba a taɓa kafa ɗaki ba.

Amma ranar da abu ya shiga ƙasa daban, ranar da aka ƙera shi daban. Matan da suka gudu daga ambaliya ba su bar kayan ɗakinsu da gangan ba. Abin da hannu ya iya ɗauka ya hau tudu tare da su. Tasa kuwa takan yi uwa, ta yi 'ya, ta yi jika. Babu abin da zai hana tasar da aka ƙera a Bida a ƙarni na 19 ta ƙare a ramin shara na Zariya bayan shekara ɗari.

A fadama labarin ya fi zurfi. Haɓen Katsina da jihadi ya kora wajen 1807 sun kafa mulkinsu a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, amma sun tarar da mutane a kwarin, da garuruwa irin su Jiratawa, da maƙeransu da magina tukwanensu. Tibiri kuwa Gobirawa suka kafa ta a 1836, bayan yaƙin Gawakuke, kuma sun zo da kayan da suka biyo su tun daga Alkalawa. A waɗannan wurare uku ne ake da dalilin sa ran tsohon abu na gaske. A Jiratawa sai an ƙara lura, domin aikin noman rani da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 ya baje ƙasa da injuna, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya dawo sama.

Zurfin rami shi ne babban mai yaudarar mutane. Sai ka ji an ce, "Ai sai da muka yi gaba biyu kafin mu same shi." Gulbi yana iya shimfiɗa laka mai kauri a damina guda. A tudu iska tana tara rairayi jikin katanga, mutane kuma suna cike tsofaffin rijiyoyi da kududdufai da duk abin da suka samu. Robar takalmi ma ana samunta a gaba biyu. Haka nan yawan tsatsa: ƙusar da ta shekara ashirin a laka mai danshi ta fi wadda ta shekara ɗari a busasshen rairayi lalacewa.

Abin da ƙarfen ke faɗa da bakinsa

Gwajin farko ba ya cin ko dala. A samo maganaɗisu, ko da na tsohuwar rediyo ne. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, a dubi launin cimar da ƙasa ta yi masa: kore na nufin jan ƙarfe ko tagulla, farin gari mai ƙuraje a abu marar nauyi sanholo ne, toka-toka mai nauyi da farce ke iya kartawa dalma ce, baƙi mai santsi kuma yana iya zama azurfa.

Sanholo ya fi kowa saurin tona asirin kansa. Sai a 1886 aka gano hanyar samar da alminiyam da araha, sana'ar narka tarkacensa a zuba tukwane a cikin rairayi kuwa bayan yaƙin duniya na biyu ta bazu a Afirka ta Yamma, daga wajen Senegal ta yi gabas. Duk tukunya ko ludayin sanholo mai layin haɗi a gefe da kaushin rairayi a jiki, ba ta girmi sabuwar Maraɗi ba. Kwanon silba da ba ya tsatsa ya fi ta ƙuruciya: a 1913 aka ƙirƙiro ƙarfensa a Sheffield ta Ingila, kuma ya daɗe kafin ya iso ɗakunan amare.

Baƙin ƙarfe ya fi wuyar sha'ani, saboda siffar kayan maƙeran baƙi ba ta cika sauyawa ba. Ƙyastu, aska, hantsaki, wuƙa, fitilar ƙarfe ta man gyaɗa, yadda kaka ya ƙera haka jika ya ƙera. Abin da ya sauya shi ne ƙarfen. Na da daga tama aka fitar da shi, kuma ba ya rabuwa da ɗan kashin maƙera a cikinsa, wanda dukan masaba ke miƙarwa tsawon abin. In tsatsa ta ci irin wannan ƙarfe sai ka ga jikinsa ya yi zare-zare kamar raken da aka tsotse. Ƙarfen masana'anta na baya-bayan nan ba ya haka, ramuka yake yi ko ya riƙa ɓarewa falle-falle. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, tarkacen ƙarfen Turawa ya fara kashe dafa tama, har ta kai maƙeri ya gwammace ya sayi sifirin mota da ya kwana yana zuga. Lokacin da Nicole Echard ta ɗauki fim ɗin masu dafa tama a Adar a shekarun 1960, sana'ar tana gargarar mutuwa. Zare-zaren nan dai alama ce, ba hukunci ba, domin Turawa ma sun yi irin wannan ƙarfe a ƙarni na 19 sun kuma sayar da shi a Afirka. Walda ko noti mai zare daidai-wa-daida kuwa, da an gan su magana ta ƙare: aikin zamanin inji ne.

Tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku ba aikin maƙeranmu ba ce. Zuba ta aka yi a Turai, inda Abraham Darby ya yi rajistar dabarar zuba tukwane a rairayi tun 1707, garuruwa irin su Falkirk ta Sukotlan suka yi suna wajen aiko da su Afirka. A duba gindinta da murfinta, sau da yawa akwai lambar girma, wani lokaci da sunan masana'anta.

Jan ƙarfe da tagulla

Nan ne zuciya ke bugawa, nan ne kuma aka fi yin kuskure ta kowane ɓangare. Jan ƙarfe tsohon baƙo ne a wannan ƙasa. Ibn Battuta ya sauka Takedda, a yankin Azelik na yau, a 1353, ya ga ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda ana cefane da shi, ya kuma ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai shi. A Marandet, kudu da Agadas, an tono dubban 'yan ƙananan tukwanen narka jan ƙarfe. Kusan shekara 500 bayan Ibn Battuta, a 1851, Heinrich Barth ya tarar da jan ƙarfe a kasuwar Kano tare da takubban Solingen da asaken Ostiriya waɗanda suka biyo ta Sahara; a wannan shekarar abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya ratsa Maraɗi da Gobir. Saboda haka ganin kayan Turai a rami ba ya nufin zamanin mulkin mallaka. Raƙuma sun riga kantunan Faransawa na CFAO da SCOA kawo su.

Abin da ya nuna iyakar abin da ƙasar Katsina ke iya ɓoyewa shi ne Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani. An fara tona kaburburan wurin a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka yi shekaru ana gyaransu. Cikinsu akwai mundaye da zinariya da hauren giwa da tasoshin tagulla, har da wadda aikinta ya nuna daga ƙasashen Musulmi na gabas ta fito, wajen ƙarni na 14. An iya faɗin haka ne domin an ɗebo kaburburan da ƙasarsu, aka buɗe su a hankali, aka san me ke kusa da me. Da a kasuwa aka tsinci tasar nan an goge ta tas, da sai dai a yi ta musu.

To yaya za a raba tsohuwar tasa da ta jiya? A juya ta a hasken rana a karkace. Wadda aka buga da hannu tana da sawun guduma, kaurinta bai daidaita ba, bakinta ma yakan ɗan karkace. Wadda inji ya murza tana da siraran layuka masu zagaye gindinta, ga ɗigo a tsakiya. Sai dai akwai ta tsakiya, kuma ita ta fi yawa: maƙeran Bida da na Kano sun daɗe suna sayen fallen tagulla na Turai su buga shi da hannu su yi masa zane, wasu ma kwanson harsashi suke narkawa. Irin wannan tasa hannun na gida ne, ƙarfen na waje. Munduwar da aka zuba da dabarar kakin zuma ba ta da layin haɗi, kuma ba za ka sami biyu iri ɗaya sak ba. Gyara ma shaida ne. Tasar da aka yi wa faci da ƙusoshin jan ƙarfe har sau biyu ta fito daga zamanin da tasa dukiya ce, ba a yar da ita don ta huje.

Masana suna da na'urar hannu mai haska ƙarfe ta faɗi abin da aka gauraya a ciki. Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, kuma tsohuwar hanyar haɗa su ba ta iya kai tutiya sama da kashi ɗaya cikin uku. In awo ya haura haka, tagullar ta zamanin masana'antu ce. In bai haura ba, ba a ce komai ba tukuna, domin maƙeran fari suna narka tsoho su zuba sabo tun fil azal.

Rubutun gindin kwano

Kwanon fenti, wato su langa da fanteka da kwanon sha, shi ne abin da aka fi tonowa kuma aka fi rainawa. A ganina rainin bai dace ba, don shi ne ya fi kowane ƙarfe iya faɗin shekarunsa. Ya shigo da yawa ne tare da kuɗin gyaɗa, wannan kasuwa da ta haifi alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. A kife shi a duba tambarin gindi. Ƙasar Cakoslobakiya ta wanzu ne daga 1918 zuwa ƙarshen 1992, Jamus ta Yamma daga 1949 zuwa 1990. Tambarin da ya ce an yi abu a Japan da ke ƙarƙashin mamaya bai wuce 1952 ba. Na Hong Kong sun cika kasuwa bayan yaƙin duniya na biyu, sannan daga wajen 1960 masana'antun Nijeriya suka karɓe cinikin.

In tambari ya goge, akwai inda ya fi littafi: tsofaffin mata. Kayan jere yayi ne, kowane zane da shekarun da ya yi tashe, kowanne da sunan da mata suka laƙaba masa. Ka kai wa tsohuwa murfin langa ka ce, "Iya, kin san wannan?" Ba za ta ce maka 1958 ba. Za ta ce irinsa aka jera wa ƙanwarta, shekarar da aka yi kaza, tana goyon wane. Daga nan lissafi naka ne. Wadda ta yi wayo kafin ambaliyar 1945 yau ta haura tamanin da biyar, kuma irinsu ne kaɗai suka rage da suka ga ɗakin amarya a tsohon gari da idonsu.

Kuɗi, da tarkon 1780

Ƙwandalar da aka samu tare da kaya ta fi komai daraja ga mai bincike, ko da ba ta sayen ƙosai. Kobo da anini masu huji na Ingilishi sun fara fita a 1907, kuma sun yi yawo a Maraɗi saboda cinikin Kano da Katsina. Aninin 1907 na sanholo ne, yana cikin kuɗin alminiyam na farko a duniya, amma bai jure ba aka sauya masa ƙarfe a 1908. Ko shekara ta goge, sunan sarkin Ingila yana nan: George na biyar daga 1911 zuwa 1936, George na shida daga 1937 zuwa 1952. Kuɗin sefa an ƙirƙiro shi a Disamban 1945, tamma da tamma biyu na sanholo masu sunan Afirka ta Yamma ta Faransa suka fito a 1948. Ƙa'idar ita ce: in an sami kobon 1920 a ƙarƙashin tukunya, ba a binne tukunyar kafin 1920 ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ana iya binne ta a 1921, ana iya binne ta a 1960.

Akwai kuɗi guda da ya sha ruɗa mutane, azurfar nan mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya. Kusan duk wadda za ka gani an rubuta mata 1780. Shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama, aka ci gaba da buga ta da wannan shekara a Viyana, daga baya har a Landan da Paris da Roma da Bombay, cikin ƙarni na 20. Maƙeran fari sun narka da yawa sun yi zobba da warwaro. Wanda ya tono ta ya sami azurfa ta gaske, amma bai sami shekara ba.

Me ya sa ba za a kai ɗakin awo kawai ba?

Tambayar 'yan lakwal ke nan, kuma tana da kyau. Awon kabon-14, wanda Willard Libby ya samar a ƙarshen shekarun 1940, yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rai: gawayi, ƙashi, ƙwayar hatsi, guntun fata ko ƙotar icce da ta maƙale a ƙarfe. Ba ya auna tagulla. Abin da ke cikin tukunyar da abin da ke manne da ita ake aunawa, wato daidai abin da mai tsintuwa ke fara wankewa. Ga kuma wata matsala da ta shafi Maraɗi kai tsaye. Daga wajen 1650 zuwa 1950 awon yana ba da amsa mai harshen damo, saboda yawan kabon-14 a iska ya yi ta hawa da sauka, hayaƙin kwal da man fetur kuma ya dagula shi. Gawayin zamanin Ɗan Kasawa da na zamanin Faransawa suna iya ba da sakamako guda. Duk tarihin tsohuwar Maraɗi da Tibiri ya faɗa cikin wannan tazara. Awon zai yi amfani a kufai irin na Birnin Lalle ko abin da ya girme shi. A nan kuwa kobo mai huji da bakin tsohuwa sun fi shi.

Toka da lemun tsami

Ɓarnar da ta fi yawa da kyakkyawar niyya ake yin ta. An sami tasa, sai a ɗauko toka da rairayi da lemun tsami ko tsamiya a dirje ta har ta yi ƙyalli. Koren nan da aka kankare shi ne fatar da ta yi shekaru tana tsare ƙarfen, a cikinsa zanen maƙeri yake, wani lokaci har da sawun zanen da aka naɗe ta da shi. Ƙarƙashin koren na gaske akan sami wani jan ɓawo mai tauri, wanda masu jiƙa sabuwar tagulla a ruwan batir don su sayar wa baƙi ba sa iya kwaikwayonsa da sauƙi. Baƙin ƙarfe kuwa in aka jiƙa shi aka shanya, gishirin da ya sha a ƙasa sai ya tashi, cikin 'yan watanni ya farfashe. Abin da ya kamata kaɗan ne: a ɗauki hoto da salula tun abin yana kwance, a sa wani abu kusa da shi don a gane girmansa, a tattara katangar tukunya da gawayi da wuri da duwatsun wuya da ke tare da shi, a bar shi ya bushe a inuwa, a rubuta unguwa da gida da zurfi a takarda a haɗa.

Yadda aka sami abin yana faɗin dalilin shigarsa ƙasa. Kayan da aka jera cikin tukunya aka kife da wata, ajiya ce ta mai niyyar dawowa, kuma a ƙarnin da Maraɗi da Katsina suka yi suna kai wa juna hari an yi irin wannan ajiya. Kayan da ke warwatse cikin toka da ƙasusuwa juji ne. Kwaɗo a kulle, ko wuƙa, ko allurai a bakin ƙofa, kowa a ƙasar Hausa ya san ba mantuwa ba ce; ko tsari ne ko sammu. Irin wannan akan jefa shi masai ko a kira malam, ba mai tunanin shekarunsa, alhali kwaɗon kanti yakan zo da sunan masana'anta a jikinsa. In kuwa aka ga ƙashin mutum, aiki ya tsaya.

Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ta ɗora wa wanda ya ci karo da kayan tarihi ya sanar da hukuma, ta kuma hana tono ko fitar da su waje ba da izini ba. Masu wannan aiki suna cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Dokar ta zo ne bayan abin da ya sami Bura, a yammacin ƙasar, inda Boubé Gado ya yi tono a 1983, kayan suka yi suna a Turai, mahaƙa suka bi wuraren suka yashe su. Sai dai mai fili a Zariya lissafinsa daban. Ya sayi siminti, ya ɗauko magina, yana tsoron a tsayar masa da gini saboda murfin langa, kuma yana ganin tsintuwa ba sata ba ce. Da wuya a ga laifinsa matuƙar ba wanda ya gaya masa cewa yawancin abin da zai tono hoto da 'yar takarda sun ishe shi. Ɗaya cikin da yawa ne ke buƙatar a kira masana, amma ɗayan nan yana faruwa: a ƙarshen shekarun 1930 wani magidanci, Isaiah Anozie, yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a Igbo-Ukwu ta Nijeriya ya ci karo da tasoshin tagulla, waɗanda bayan tonon Thurstan Shaw na 1959 aka gane sun kai shekara dubu.

Wanda ya fi hukuma da masana saurin isowa bakin rami shi ne ɗan jari-bola da kurarsa da sikelinsa. Shi ma da maganaɗisu yake yawo, kuma ya iya raba ƙarfe fiye da yawancin masu digiri. Baƙin ƙarfe arha yake sayensa, sanholo ya ɗara, jan ƙarfe da tagulla su ne masu tsada a kilo, su ne kuma ba sa kwana a hannunsa kafin su wuce wurin masu narkawa. Ruɓaɓɓiyar langar Hong Kong takan tsira, don ba mai so. Munduwar da ta yiwu ta zo Tibiri daga Alkalawa ita ce ke fara hawa sikeli.